Wanda ya taɓa jinyar damuwa zai iya samun lasisin ƙaramar bindiga?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ɗan kasuwa a Gusau da ke yawan bin hanyar Funtua, ya yi jinyar ciwon damuwa, yanzu ya samu sauƙi amma yana kan magani. Doka za ta ba shi lasisin fistol, irin wadda ake sokewa a ƙugu?

Baban Hafsa:
Wa alaikumus salam. Tun kafin a zo kan lafiya, fistol ɗin ce matsalar. Dokar bindigogi ta 1959 ta saka ta cikin haramtattun makamai, Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da izininta. Abin da Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke iya bai wa farar hula shi ne irin bindigar farauta mai harsashi, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha kuma ta gargajiya mai ɗuri. Ko a Yunin 2022 da gwamnatin Matawalle ta Zamfara ta ce za a raba fom ɗin neman lasisin bindiga ɗari biyar-biyar a masarautu 19, 'yan sanda cewa suka yi an dakatar da ba da lasisi.

Dokar ta hana ba da lasisi ga mutum biyar: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mai raunin gani, mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Kuma ana iya hana ka ko ƙwace lasisin ba tare da an faɗa maka dalili ba.

Hajiya Nas:
Malam, damuwar da aka yi wa magani daban, gushewar hankali daban, mu daina cuɗa su. Abin da likitan ƙwaƙwalwa zai duba, a Asibitin Tarayya na Gusau (FMC) ne ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato, shi ne: yaushe ciwon ya tashi na ƙarshe, yana shan magani kan ƙa'ida, ya taɓa tunanin kashe kansa, yana jin muryoyi ko zargin ana bin sa, yana taɓa tiramol ko wiwi.

Inda ake yin ɓarna shi ne mutum ya yanke magani don ya nuna ya warke. Sai barci ya ƙaurace, fushi ya ƙaru, ga bindiga a ƙarƙashin katifa. Tunanin kashe kai yakan zo ya wuce cikin ɗan lokaci, harsashi kuwa ba ya ba da damar a garzaya asibiti. Ni dai ba zan ba shi shawarar ajiye makami ba sai likitansa ya gamsu.

Tsohon Soja:
Hajiya ta gama magana. Gidan da tuni akwai bindiga mai lasisi: a cire harsashi, a kulle ta a akwatin ƙarfe, harsasai a wani wuri daban, makulli a hannun yaya ko kawu. Ya yi kwana biyu bai runtsa ba, ko ya fara sambatu? A kai ta ofishin 'yan sanda ajiya, a karɓi takardar shaida mai lambar bindigar.