Daga Kwatano zuwa Lome ta bakin teku: wa ya taɓa bi?

Mai tambaya, daga Birni: Salamu alaikum ƴan uwa Damagarawa. Da yawanku kun sha zuwa Kwatano da Lome ɗauko mota ko kaya. Ina so waɗanda suka bi hanyar bakin teku tsakanin biranen biyu su faɗa mani abin da idonsu ya gani. Ta cancanci mutum ya ware mata yini guda?

Tsohon direba, daga Zango: Wa alaikumus salam ƙanena. Ta cancanta ƙwarai. Kafin a rufe gadar Gaya a 2023, ta Dosso, Malanville da Parakou muke gangarawa. Tsakanin Kwatano da Lome kilomita 150 ne ko kusa da haka, kuma sefar aljihunka ita ake kashewa a Benin da Togo duka. Amma babbar kwalta ba ta nuna maka teku sosai sai ka doshi Grand-Popo, garin Benin da ke kusa da iyakar Togo. In ruwa kake son gani, daga unguwar Fidjrossè ta Kwatano ka kama hanyar masunta da ta nufi garin Wida, itatuwan kwakwa a jere, teku a hagunka. Ka fita da sassafe. Na tarar da mutanen ƙauye guda, maza da mata har da yara, sun yi layi suna jan igiyar taru daga cikin ruwa suna waƙa, ƙafafunsu na nutsewa cikin yashi. Wallahi sai da na kashe mota na tsaya kallo.

Hajiya mai sayar da atamfa: Alhaji ya faɗi gaskiya. Ni Wida ce ta tsaya mani a rai. Daga cikin gari zuwa gaɓa akwai wata hanya ta kusan kilomita 4, wadda a da ake kora bayi a kanta zuwa jiragen Turawa. A ƙarshenta aka gina wata babbar ƙofa a 1995 don tunawa da su. Na tsaya a gindinta ina kallon ruwan da ba shi da iyaka, hawaye suka zubo mani. Kusa da wurin, a Djègbadji, mata ne ke dafa ruwan gishiri har ya ƙafe. Mu da muka saba da kantun Bilma, abin ya ba ni mamaki. Ɗakin mesa kuwa, wurin bautar gargajiya na Wida inda ake ajiye mesoshi, ban shiga ba, ɗana ne ya shiga.

Malamin makaranta, daga Garin Malam: Hajiya, Allah ya jiƙan waɗancan bayin Allah. Ni gargaɗi zan ƙara. Kada ganin kyan ruwa ya ja kowa shiga wanka. Igiyar tekun nan tana janye mutum ta ƙasa, ba irin tafkin Gidimuni ba ne. A Grand-Popo ku ɗauki kwalekwale da mai tuƙi ɗan gari, ya kai ku inda kogin Mono yake haɗuwa da teku. Da kun tsallaka iyaka a Hillacondji sai Aného, wadda ta taɓa zama hedkwatar Jamusawa a Togo kafin su koma Lome a 1897. Can za ku ga yadda teku ke cin gaɓa, an jibge manyan duwatsu don tare shi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Alhaji, a iyakar me suke nema, kuma ina ya fi dacewa a kwana?

Tsohon direba: Katin shaida, takardun mota da katin rigakafin shawara, ka riƙe su kusa. Ka kwana Grand-Popo, ka shiga Lome da safe.