Mai Talla Ya Sayi Fili Ko Harshe? (Musayar Waƙa)

Baban Tahamisi:
Assalamu alaikum. Maudu'in makon nan: wanda ya ɗau nauyin jarida ko shirin rediyo ko taro da kuɗinsa, yana da hakkin hana a kushe kayansa? Ƙwar huɗu, babban amsa-amo "ya". Bismillah.

Mai kamfani ya ɗauki nauyinmu,
Tallarsa na nan manne a ƙofarmu,
Sannan ya ce kar mu buɗe bakinmu,
In mun ga aibi, shin hakan gaskiya?

Fili ya saya domin ya yi talla,
Bai sayi harshen wanda ya ga illa,
In ko da wannan sharaɗi aka ƙulla,
To ciniki ne ko ko ɗaurin wuya?

Sarkin Shaguɓe:
Baba ka faɗa, amma akwai saura,
Albashin ma'aikata wa ya tara?
Kai ka ci ladan kuturu tun fara,
Aski ya zo kuma ka tsiri ƙyuya?

Hajiya Mai Ɗango:
Shaguɓe ɗana, je Amurka uwar jari,
A 2016 suka kafa tsari,
Kwangilar da ta yi wa bakin mai saye ɗauri,
Sharaɗin ya faɗi, bai da ƙarfi ko ɗaya.

Obama ne ya sa wa dokar hannu a Disambar shekarar. Kamfani ba shi da ikon cusa sharaɗi a takardar ciniki wai za a ci tararka in ka faɗi ra'ayinka kan kayansa. A 2024 kuma hukumarsu ta FTC, mai kare hakkin masu saye, ta haramta sharhin bogi da razana masu kushe da barazanar ƙara marar tushe. Su ma sun sa wa sana'ar linzami.

Ɗan Autan Baiti:
Hajiya ikon Allah! Takawarki lafiya. Shaguɓe, a nemi ruwa a sha.

Sarkin Shaguɓe:
Auta, kai dai ko atishawa Hajiya ta yi cewa za ka yi ta hau kari.

Mama na ji ki, ga ni a kan gwiwa,
Dokarki mai saye ta bai wa tsiwa,
Mai talla bai da buƙatar yin tsawa,
Janye kuɗinsa zai yi shiru ya juya baya.

Edita ya ga asusunsa ya rame,
Gobe da kansa alƙalami zai kame,
Ba sa hannu, ba shaidar da za a same,
Wace kotu za ki kai ƙarar zuciya?

Ƙanwar Sha'irai:
Yaya Shaguɓe, ka zo karewa,
Ka ɓige da tonon silili ga mai bayarwa,
Abin da ka zana shi ke tsorata kowa,
Ya faru a Ingila, ba tatsuniya.

Peter Oborne ya bar Telegraph da fushi,
Ya ce labarin banki an rage masa kaushi,
Don kar kuɗin tallar bankin su rasa shi,
Su ko suka ce sam, zarginsa ƙarya.

(Fabrairun 2015 ne, Oborne ɗan jarida ne a jaridar Telegraph, bankin kuma HSBC. Zargi ne shi ya yi, jaridar ta musanta, kada a ce Ƙanwa ta yanke hukunci.)

Malam Na-Arul:
Ku gafarce ni, tun ɗazu nake haɗiye maganar. Hajiya, da girmanki, ɗangonki na biyu in an karanta lambar nan "dubu biyu da sha shida", gaɓa takwas ta ci ita kaɗai. Na uku kuwa ya yi tsawon da sai an tsaya an ja numfashi a tsakiya. Shaguɓe ma na huɗunsa a baitin gwiwa ya zarce.

Waƙa awo ce, ba ta son lamba,
Ɗangon da ya zarce saura a duba,
Hujja ta yi, amma kari bai ci riba,
Ƙafa ta karye, a ɗora ta, Hajiya.

Hajiya Mai Ɗango:
"Alfin da sha shida" na rera, Malam, gaɓa shida cif. Kunnenka ne ya yi boko.

Malam Na-Arul:
Ko da alfin ɗin ne, a wane bahari kika hau? Mutaƙarab ne ko rajaz? A faɗa mana.

Ɗan Autan Baiti:
Baharin da kai ba ka taɓa iyo a ciki ba.

Mai Jiran Amshi:
Auta ka yi ladabi, Malam ya girmi babanka a fagen nan. Ba don irinsu ba da kowa ya jera ƙarshen kalma iri ɗaya sai ya ce shi sha'iri ne.

Ɗan Autan Baiti:
Ni ban ƙi awo ba. Amma Baba da ya buɗe ma bai ce ga kari ba, amsa-amo kawai ya ɗora. Me ya sa ba a taɓa ƙirga gaɓoɓin Baba sai na Hajiya?

Ƙanwar Sha'irai:
Malam Na-Arul, ina da 'yar tambaya,
Ana batun kuɗi ka kawo wata hanya,
Duk mun bi ka mun bar zance a baya,
Wa ya ɗau nauyinka, faɗa mana gaskiya?

Malam Na-Arul:
Baitin ya yi zafi, na ji shi. Sai dai kin sa ƙaramin amsa-amo ya zama ɗaya da babba, wannan aibi ne.

Mai Jiran Amshi:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya!

Baban Tahamisi:
Jama'a a dawo. Mai son arul ya jira makon gobe.

Akwai waɗanda suka ƙi talla ɗungum,
Consumer Reports, sun rufe ƙofa rungum,
Which? ta Ingila ma haka take kullum,
Masu karatu su ke riƙe su da biya.

Mujallu ne masu gwada kaya su faɗa wa masu saye ingancinsu. Ta farko tun 1936 take gwada kaya a Amurka, ta biyu tun 1957. Da kuɗinsu suke sayen abin da za su gwada, shi ya sa in firji ya yi tsiya suke cewa ya yi tsiya.

Sarkin Shaguɓe:
Madalla Baba, kai ka kawo ƙarshe,
Gaskiya sai an biya mata harshe,
Cikinku wa ya taɓa biya, ko ko kushe?
Kyauta kuke so, har da jan wuya.

Ƙanwar Sha'irai:
Wannan kam ta same mu, Yaya, amma:

Hakkinsa kar a yi masa ƙage da gangan,
In an kushe, a ba shi fili ya amsa nan,
A kuma sanar wa jama'a kuɗinsa ne wannan,
Bayan haka bai bin mu shiru ko na kwana ɗaya.

Tsohon Ɗalibi:
Afuwan, sai yau na ga zaren. Amsar Shaguɓe ce ta farko, batun kuturu.

Da aka kori tallar taba daga talabijin,
Mujallun Amurka suka kwashi rabon kuɗin,
Da yawa suka sassauta kan cutar hayaƙin,
Askin da ka ce, huhun mutane ya biya.

Daga Janairun 1971 haramcin ya fara aiki.

Ɗan Autan Baiti:
Tsoho ya makara amma ya zo da gatari. Shaguɓe, muna jira.

Sarkin Shaguɓe:
Sai bayan la'asar, caji ya ƙare.

Malam Na-Arul:
Tsoho, "talabijin" da "kuɗin" da "hayaƙin" duk na bar maka. Amma "rungum" ɗin Baba fa? Ƙofa "ruf" ake rufe ta. Auta ya ce ba na ƙirga na Baba, to ga shi na fara.