Wa ya taɓa samun tallafin karatun tsirrai ko kare daji?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena yana aji uku a sashen nazarin tsirrai, kuma ransa na kan aikin kare dazuka da namun daji. A gida ana ta ce masa babu mai ɗaukar nauyin irin wannan karatu. Don Allah wanda ya taɓa samu ya faɗa mana yadda aka yi.

Ɗan Gashuwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Akwai, sanarwar ce ba ta iso mana. Ni a APLORI na yi digiri na biyu, cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke dajin Amurum kusa da Laminga, ƙarƙashin Jami'ar Jos. Sun biya kuɗin makaranta, sun ba mu masauki da ɗan abin kashewa. Ana idar da asuba muke shiga daji mu kafa raga, mu auna fiffiken tsuntsu da nauyinsa, mu sa masa zobe a ƙafa mu sake shi. Da rana kuma sai lissafi a kwamfuta, kuma nan ne mutane ke jigata. Ki ce masa ya riƙe darasin ƙididdiga da kyau tun yanzu. Abin da ya dame ni shi ne, ga 'yan Ghana da Laberiya sun zo, mu da muka tashi a bakin fadamar Haɗeja da Nguru 'yan tsiraru ne. Fadamar nan tun 2000 wani sashenta ya shiga jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya, ciyawar kacalla na toshe mana hanyoyin ruwa, amma masu nazarinta yawanci baƙi ne.

Malama Bilki: Ni tallafin jiharmu na samu, sai dai bai zo ba sai da na gama aikin fili. Kuɗin makaranta ba shi ne babbar wahala ba. Wahalar ita ce kuɗin mashin zuwa daji, da sallamar mafarauci ko mai maganin gargajiya da zai nuna maka itace ya faɗa maka sunansa. Ganyen da na tsinko a tsoffin jaridu nake danne shi, in canja takarda kullum kada ya yi fumfuna kafin in kai ma'adanar tsirrai ta ABU Zariya a tantance.

Abu Jalingo: Gaskiya ne Malama. Shi ya sa nake ce wa ƙannenmu su nemi inda ake aikin tun suna aji uku. Na yi aikin sanin makama a Ngel Nyaki kan tsaunin Mambila, tashar da Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury ta kafa. Malamin da ya gan ni ina ƙirga iri a can shi ya rubuta mini takardar shaida daga baya. Masu digiri na uku kuma akwai tallafin S.L. Edu na NCF, gidauniyar kare muhalli ta Najeriya.

Maman Hanif: Allah Ya saka da alheri. Malam Abu, ta hannun shugaban sashe ake nema ko shi zai rubuta musu da kansa?