Tagullar da ke cikin daɓen titunan Balin: ta mece ce, kuma ana taka ta?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga yayyenmu ce da suka daɗe a Jamus. Ban jima da zuwa Balin karatu ba, ina zaune a unguwar Wedding. A ƙofar gidan da ke maƙwabtaka da namu akwai wasu 'yan ƙarafa na tagulla guda uku, kowanne bai wuce tafin hannu ba, an dasa su daidai da daɓen da masu tafiya a ƙasa ke bi. A jikin kowanne akwai suna da shekaru. Jamusancina bai kai in karance su duka ba. Rannan na ga wata tsohuwa ta durƙusa tana goge su da tsumma, ta gama ta ajiye farin fure ta tafi.

Kaburbura ne? Ni dai tun daga ranar ratsewa nake yi, amma ina ganin mutane na bi ta kai, har da masu keke da masu jan kare. Sannan ina ne ake ganin ragowar katangar nan da ta taɓa raba Balin gida biyu, wadda aka cika da zane?

Na-Kreuzberg ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da zuwa. Kwantar da hankalinka, babu gawa a ƙarƙashinsu. Sunansu Stolpersteine, kuma alamar tunawa ce da mutanen da gwamnatin Hitila ta kwashe daga gidajensu. Mafi yawansu Yahudawa ne, amma akwai 'yan ƙabilar Sinti da Roma, da naƙasassu, da 'yan adawar siyasa. Ana dasa kowanne a ƙofar gida na ƙarshe da mutumin ya zauna da son ransa. Duba da kyau za ka ga yawancinsu sun fara da kalmomi biyu, "Hier wohnte", wato a nan wane ya zauna. Sai suna, sai shekarar haihuwa, sai ranar da aka tafi da shi, sai inda ya ƙare, wuraren da ake tsare su ko kashe su irin Auschwitz ko Theresienstadt ko Riga. Ukun da ka gani a jere, ka karanta sunan ƙarshe, wataƙila miji ne da mata da ɗansu.

Wani mai zane, Gunter Demnig, shi ya faro aikin a Kolon a 1992. Faɗin kowanne santimita 10 ne, tsawonsa ma haka. A 2023 adadinsu ya kai 100,000 a ƙasashen Turai daban-daban. Ba gwamnati ce ke zaɓen suna ba, galibi maƙwabta ne ko 'yan makaranta ko jikokin mamacin ke tono tarihin su biya kuɗin. Tsohuwar da ka gani irin waɗannan ce. Jira 9 ga Nuwamba, ranar da aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa da shagunansu a 1938, za ka ga kyandir a ƙofofin gidaje da yawa.

In kana da lokaci ka je Brunnenstraße lamba 193, ba nisa da kai. Akwai na wani baƙar fata, Mahjub bin Adam Mohamed, haifaffen Darussalam. Yana yaro ya yi wa Jamusawa soja a yaƙin duniya na farko, daga baya ya zo Balin yana neman haƙƙinsa, ya koyar da Suwahili, ya fito a finafinai. A sansanin Sachsenhausen ya rasu a 1944. An dasa nasa a 2007.

Maman Ilham ta amsa:

Ɗana, ƙyamar da kake ji ta taka sunan mutum ba ƙauyanci ba ne, kada wani ya ce maka haka. Mu da aka tarbiyyantar a kan ko guntun takarda mai rubutu ka gani a ƙasa ka ɗauke ka soke a jikin bango, dole abin ya tsaya mana a rai. Kuma ba mu kaɗai ba. A nan Munik inda nake, majalisar birni ta hana dasa su a filin gwamnati tun 2004, ta sake jaddada hanin a 2015. Wadda ta fi kowa tsayawa a kan haka ita ce Charlotte Knobloch, shugabar al'ummar Yahudawan Munik, wadda ita kanta ɓoye ta aka yi a ƙauye tana yarinya har yaƙin ya ƙare. Hujjarta ita ce mutanen nan an wulaƙanta su suna raye, bai kamata a mayar da sunansu ƙasa ana bi da takalmi ba. Daga 2018 birnin ya koma liƙa allo a bangon gida, ko a kafa siririn ginshiƙi, sunan na daidai da idon mai wucewa, wani lokacin har da hoto.

Ni ina bayan na Munik. Lokacin sanyi ka ga taɓo da gishirin da ake watsawa a titi sun rufe suna, ga guntun sigari a kai. Wannan wace irin karramawa ce?

Na-Kreuzberg ya sake amsawa:

Hajiya, maganarki da nauyi, amma allon bango yana da tasa matsalar. Bango na mai gida ne, in ya ce a'a shi ke nan. Daɓen titi kuwa na birni ne, don haka mai gidan da ba ya son a san wa aka fitar daga ciki ba shi da ta cewa. Kuma ba ka iya karanta na ƙasa sai ka sunkuya. Ni kaina ratsewa nake yi, amma na fi son in gan su a ƙofar gidan biredi da ta kantin magani, inda ba wanda ya fito da niyyar tuna kowa.

Batun katanga, ɗauki jirgi ka sauka a Warschauer Straße, ka bi Mühlenstraße a gefen kogin Spree. Sunan wurin East Side Gallery, tsawonsa kilomita 1.3. Masu zane 118 daga ƙasashe 21 suka yi shi a 1990, aka sabunta fentin a 2009. Sammako za ka yi, in ba haka ba sai ka bi layi kafin ka ga zanen Brezhnev, shugaban Tarayyar Sobiyet, da Honecker, shugaban Jamus ta Gabas, suna sumbatar juna.

Malamin Tarihi ya amsa:

Duk kun yi bayani mai kyau, amma kun tsallake wanda ya shafe mu kai tsaye. Ɗan Fagge, in ka gama da katanga ka je Wilhelmstraße, wajen lamba 92. A wannan wurin fadar Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na wancan zamani, take, inda ƙasashe 14 suka zauna daga 15 ga Nuwamba 1884 zuwa 26 ga Fabrairu 1885 suna tsara yadda za su mallaki Afirka, babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Cikin abin da suka tattauna har da zirga-zirgar jirage a kogin Kwara. Fadar ta rushe tuntuni, gidajen haya ne a wurin yanzu. Abin da ke nuna taron wani tsayayyen allo ne a gefen titi, shi ma sai a 2005 aka kafa shi, kuma ƙungiyoyin 'yan Afirka ne suka matsa. In ba ka san da shi ba, za ka wuce shi kana duba waya.

A Wedding ɗin da kake zaune ma akwai Kameruner Straße da Togostraße. Akwai wani dandali da ya daɗe da sunan Nachtigal, Bajamushen da ya kai wa Shehu Umar na Borno kyaututtukan sarkin Prussia a Kukawa a 1870, shi ne kuma ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru a 1884. A Disamban 2022 aka cire sunansa aka sa Manga Bell, don tunawa da sarkin Duwala da Jamusawa suka rataye a 1914 da kuma matarsa Emily. An sha rigima da mazauna unguwar kafin a kai ga haka, wasu har kotu.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Yaya, na koma na duba, sunan ƙarshe ɗaya ne a duka ukun, ranar da aka tafi da su ma ɗaya ce. Hajiya, ina nan a kan ratsewata. Malam, ran Asabar zan je Wilhelmstraße in sha Allah, wace tasha ce ta fi kusa?