Neman shawara: ina son haɗa wa tablet caja daga batirin mota

Malamin makaranta, Kasala:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramar kwamfutar hannu, tablet, da nake karantar da yara da ita, littattafanmu duk suna ciki. Cajarta ta ƙone, kahraba kuma ba ta zama a unguwarmu. Abin da nake da shi batirin mota ne mai bolt 12, faifan sola ke cika shi. A jikin tsohuwar cajar an rubuta 5V, 2A, wato bolt 5, amfiya 2. Wani yaro ya ce in ciro 7805, wani ɗan abu mai rage bolt zuwa 5, daga tsohuwar rediyo in haɗa. Zai yi? In tablet ɗin nan ta lalace ba ni da halin sayen wata.

Mai gyaran rediyo, Gadarif:
Wa alaikumus salam Malam. 7805 zai ba ka bolt 5, amma aikin ya fi ƙarfinsa. Iyakarsa amfiya 1 zuwa 1.5, kuma bolt 7 ɗin da suka yi saura zafi yake mayar da su. In tablet ta ja amfiya 1, wat 7 ke nan a jikin abin da bai fi farcen babban yatsa ba. Ga zafin Kasala. Zai yi ta ɗaukewa yana dawowa.

Ka nemi ɗan allon rage bolt da ake kira LM2596 wajen masu kayan lantarki. Za ka ga wani ɗan akwati shuɗi a kansa mai ƙaramin sukurun tagulla. Haɗa wuraren da aka rubuta IN+ da IN- a allon da batir, ɗora mitar auna bolt a inda aka rubuta OUT, ka yi ta juya sukurun har ta nuna 5.1. Wani lokaci sai ka juya da yawa kafin lambar ta motsa, kada ka ce ya mutu. Don Allah Malam, kada ka jona tablet kafin ka auna, domin wasu kusan bolt 12 ɗin suke fitarwa kafin a saita su. Ka sa fis mai amfiya 3 a jar waya, dab da kan batir. In ka gama, ɗiga gam a kan sukurun saboda hannun yara.

Ɗalibar injiniya, Bur Sudan:
Baba Malam, ƙari kaɗan game da wayar USB da za ka haɗa da OUT. A yawancin wayoyin USB ja ita ce +, baƙa -, amma a tabbatar da mita. Koriya da fara kuwa a haɗe su da juna ta ɓangaren cajar. In ba haka ba, na'urori da yawa ba sa jan abin da ya wuce rabin amfiya, sai a wuni ba ta cika ba.

Direban raksha, Sinnar:
Ni dai cajar mota nake amfani da ita, irin ta ramin kunna sigari. Tsinin hancinta +, ƙarafan gefe -. Ba sai an juya komai ba.

Mai gyaran rediyo, Gadarif:
Gaskiyarka ɗan uwa, in Malam bai saba da dalma ba wannan ta fi masa sauƙi. Sai dai masu arha sukan rubuta 2A alhali ba su kai ba. Ko wacce ka zaɓa Malam, daga batir za ka ɗauka, ban da faifan kai tsaye, wutarsa hawa da sauka take yi da rana. Batirin kuma a ajiye shi inda iska ke shiga, ba ɗakin da yara ke kwana ba.

Malamin makaranta, Kasala:
Allah ya saka da alheri. Zan fara da cajar mota da fis, zan kuma ari mita wajen maƙwabcina in auna kafin in jona.