Lambobin da ke ƙarƙashin layin ƙasa a rubutaccen kiɗan zamanin Barok

Tambaya:
Assalamu alaikum. Ina koyon karanta rubutaccen kiɗan ƙungiyar makaɗa na zamanin Barok, wato daga wajen 1600 zuwa 1750, kuma na sauko da wasu ayyukan Bach da Vivaldi daga shafin IMSLP, wato ma'ajiyar rubutaccen kiɗa a intanet. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lambobi irin su 6 da 7 da ake sakawa ƙarƙashin layin ƙasa, wato layin sauti mai kauri, sannan bugu biyu na takardun aiki guda sukan sha bamban wajen alamomin ɗaga sauti da sassauta shi. Da wane littafi ya dace in fara?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lambobin nan umarni ne ga mai buga hafsikod ko ogan, kayan kiɗa masu maɓallai kamar fiyano: hannun hagunsa yana bin layin ƙasa kamar yadda aka rubuta, shi kuwa hannun dama yana harhaɗa sautukan sama nan take bisa tazarar da lambar ta nuna. Idan ka ga 6, ana nufin sauti na shida daga na ƙasa, tare da na uku wanda ba a cika rubutawa ba. Mawallafan lokacin da gangan suke bar wa makaɗi gurbi. Duba na uku cikin ayyukan nan shida da Bach ya miƙa wa basaraken Brandenburg a 1721: sashensa na tsakiya haɗin sauti biyu ne kacal, shi ya sa makaɗa da dama sukan ƙirƙiri abin da za su cike gurbin da shi.

Amsa ta biyu:
Na gamsu da bayanin malam. Game da littafi, mutane sukan yi saurin ambaton na Rameau na 1722 ko Gradus ad Parnassum na Fux na 1725, wanda Haydn da Beethoven suka yi nazarinsa, amma a ganina babu ɗayansu da zai biya maka buƙatarka ta yanzu. Fux yana koyar da saƙa muryoyi ne a tsohon salon Palestrina, mawallafin kiɗa na ƙarni na 16, Rameau kuma ya fi karkata ga binciken tushen jituwar sautuka. Abin da kake nema yana cikin kashi na biyu na littafin C. P. E. Bach, ɗan Bach, kan buga kayan kiɗa masu maɓallai, kashin da ya fito a 1762, domin can ya yi dogon bayani kan yadda ake raka kiɗa da waɗannan lambobi.

Amsa ta uku:
Sha bamban ɗin da ka gani yawanci aikin editocin ƙarni na 19 ne, waɗanda suka ƙara alamomi bisa ɗanɗanon zamaninsu, kuma irin waɗannan tsofaffin bugu sun yi yawa a IMSLP saboda haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Ka nemi bugun da aka rubuta wa Urtext, wato wanda ke bin ainihin rubutun mawallafin, kamar sabon tarin ayyukan Bach da kamfanin Bärenreiter ya fara fitarwa a 1954, inda ake bambanta abin da edita ya ƙara da ƙananan haruffa ko ɗigo-ɗigon layi.