Sikanin bai ga afendis ba, mu yarda a yi mata siti?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce, shekararta 24, ciwon ciki ya taso mata tun daren jiya. Daga cibiya ya fara, ya gangara mararta ta dama, ga amai ga zazzaɓi. Muna asibiti yanzu haka. An yi sikanin, mai hoton ya ce bai hango afendis ɗin ba. Likita ya ce sai an yi siti sikan (CT, wani hoton cikin jiki), amma Inna ta kafe, wai haskensa na kawo ciwon daji. Don Allah a ba mu shawara.

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. 'Yar uwa, "ban gani ba" daban, "lafiya lau" daban. Sikanin da sauti yake aiki, iskar hanji kuwa tana tare sautin, ga shi afendis yakan laɓe a bayan hanji. Gwanintar sikanin a tsakuwar matsarmama ce da matsalar mahaifa. Kada ku ba ta abinci ko ruwa, ƙila a shiga tiyata.

Wani likita: Tsoron Inna ba banza ba ne, siti da hasken eksire yake aiki. Sai dai na ciki sau ɗaya kusan daidai yake da hasken da jiki ke sha daga ƙasa da iska a shekara 3. Fashewar afendis ta fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Amma kafin komai a yi mata gwajin juna biyu, kada kunya ta hana. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa kan zo da irin wannan ciwon, haka ma murɗewar jakar ƙwai. In akwai ciki, a sake sikanin ko a koma MRI, wani nau'in hoton da ba ya amfani da wannan hasken. Ku kuma faɗa musu in tana da ciwon ƙoda, ko ruwan allurar hoto ya taɓa ba ta matsala.

Wani ɗan uwa: Ni an yi mini siti bara saboda tsakuwar ƙoda. Jiran layi ya fi hoton daɗewa, ko minti 10 ban yi a ciki ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gwajin ya nuna ba ciki. Na karanta wa Inna bayanin likita, ta ce a yi. Yanzu aka tura ta ɗakin hoto, a taya mu da addu'a.